Furannin da na ƙi yankewa

Bazara ce mai tsanani, shekarar da mijina, baban Dauda, ya rasu. Komai nawa ya tsaya a shekarar nan, har waƙa a coci na daina. Ina zuwa dai, in zauna a baya, in tashi.

A cikin wannan hali aka ɗauke ni gwajin wata uku a garkar furanni ta gidan baƙi na mishan, kusa da Malbaza. In Madam, shugabar gidan, ta gamsu, aiki ya zama nawa. In ba haka ba, in koma Tsarnawa da yara huɗu.

Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da Baba Isuhu ba. Shi ne shef na garka, wato shugabanmu. Ya ba ni fangali guda da arozuwar na ban-ruwa da almakashi, ya ce kowace safiya in ba da ruwa, in yanke duk furen da ya yi yaushi.

Ruwa kam na ba da. Yankan ne hannuna ya ƙi. A gidanmu yaron da ya tsinke furen wake sai ya sha bulala, don abincin gobe ya zubar. Sai na riƙa barin su, ina cewa a raina tsohon ya manta noma.

Mako guda kafin Ista, Madam ta zo duba furannin da za a kai coci. Fangalin Baba Isuhu ja da rawaya. Nawa ganye shar, ga kawuna busassu cike da iri, fure ko ɗaya babu.

"Rahila, ina furanninki?" in ji ta.

Na ce, "Sun yi iri, Madam." Da alfahari ma na faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce an ƙara mini wata guda na gwaji, daga nan sai ta gani.

Da ta tafi, Baba Isuhu ya karɓi almakashin yana dariya. "Ɗiyata, tuwon mi za ki yi da wanga iri?"

Na ce, "Baba, yaya za a yanke abin da ya haihu?"

"Hure in ya ga ya yi iri, cewa yake aikinai ya ƙare. Ke za ki gwada mishi da saura."

Ina tsaye ya aske rabin fangalin. Ni dai ban gane ba. A gona iri shi ne albarka, a nan kuma laifi ne. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, Ubangiji ɗaya.

Maganar ta bi ni har gida. Tun ranar jana'iza haka nake ji, nawa ya ƙare, na haifi nawa, sai jira. Na durƙusa in yi addu'a, na rasa abin roƙo. Ya cire mini baƙin cikin ne? To in ya cire, me zai rage mini na baban Dauda? Har yau ban iya amsa wannan sosai ba, ko da yake na shekara da shekaru ina koya wa sababbin ma'aikata yankan fure.

Washegari na riga kowa shiga garka. Na yanke sauran rabin da hannuna, na bar tushe ɗaya can jikin katanga da irinsa. Baba Isuhu ya gani. Ya dai tambaye ni waƙar mi nake yi tun ɗazu.