Hanyar Tungar Kaɗanya da Aka Gyara wa Baƙi

Cikin duk ranakun da na yi a sashen tsara harkokin sufuri a nan Minna, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da muka kai baƙi duba hanyar Tungar Kaɗanya. Ku da kuka zo bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa ko a bikin sallamata sai da na sako zancen wannan hanya. To yau ku gyara zama ku ji dalili.

Lokacin ina mataimakin darakta, saura kaɗan in ajiye aiki. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba ma zuba kwalta, ba ma tuƙa katafila. Namu shi ne mu zauna da taswira mu ce wace hanya ce ta fi cancanta a fara yi. Kuma faɗarmu kaɗai ba ta isa. Akwai masu tsara tattalin arzikin jiha, su ne ke cewa a wannan yanki doya za a bunƙasa, a wancan shinkafa, a can kuma man kaɗanya. Akwai kuma masu kasafin kuɗi, waɗanda ba abin da suka sani sai abin da ke aljihun gwamnati. Kowane ofishi da taswirarsa, kuma shekara da shekaru taswirorin nan uku ba sa ga maciji da juna. Mu zana hanya inda ba a shirya wata sana'a ba, su zana masana'anta inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya je, kuɗin kuma su tafi wata hanyar dabam da babu wanda ya zana a cikinmu.

A wannan shekarar sai wani bankin raya ƙasashe ya yarda zai ba da rance don gina hanyoyin karkara. Ya kafa sharaɗi biyu: jiha ta zuba nata kason, kuma kowace hanya sai ta dace da tsarin tattalin arzikin da jihar ta rubuta da hannunta. Waɗannan sharuɗɗa ne suka tilasta mana zama a tebur ɗaya, abin da nasiha ta kasa yi. Na sa aka kwafe taswirorin uku a takarda mai shara-shara, na ɗora su ɗaya kan ɗaya a jikin tagar ofishina, hasken hantsi yana ratsa su. Layuka suka yi ta saɓa wa juna, ja nan, shuɗi can, kore can gefe. Sai a wuri guda suka hau kan juna daidai: wata 'yar hanya da ta ɓalle daga titi a bayan Beji, ta nutsa cikin gonakin doya har Tungar Kaɗanya.

Daga ranar na zama abin tsokana a ofis, kuma ban ga laifin kowa ba. Ni mutum ne mai mafarki ido biyu, haka Allah ya yi ni. Da zarar na ɗaga kai na dubi layin nan a taga, sai ofis ya ɓace mini. In ga motoci sun fito daga ƙauyen da sanyin safiya, maƙare da sabuwar doya mai danshin ƙasa a jikinta, suna tafiya sumul ba ƙara. In gan su sun biyo ta Maikunkele, sun tsaya a babban ɗakin ajiyar da masu tattalin arziki suka zana kusa da filin jirgi, ɗakin da ko harsashinsa ba a haƙa ba amma ni har fentinsa na zaɓa. In ga man kaɗanyar da matan ƙauyen ke kirɓawa ya shiga kwali mai rubutu. Wani lokaci har jirgin nake gani ya ɗaga, inuwarsa tana bi ta kan gonakin da doyar ta fito. Daraktanmu, Alhaji Ndagi, yakan leƙo ya same ni a haka ya ce, "Malam Iliya, doyar taka ta sauka a Turai, ko tana kan hanya?" Matata kuwa cewa ta yi ko tuwo aka ajiye mini, sai na ja masa hanya da yatsa kafin in kai loma.

Amma ba mafarki kawai nake yi ba, na san hanyar da ƙafata. Na bi ta da damina fiye da sau ɗaya. Akwai wani rafi a tsakiyarta da ke cinye ta duk shekara, daga Yuli har ƙarshen Satumba mota ba ta shiga. Kuma a daidai wannan lokacin ne sabuwar doya ke da daraja a kasuwa. Mata ne ke fito da ita a ƙatuwar ƙwarya bisa kafaɗa, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya, su ratsa ruwa har ƙugu. Abin da suka kasa fitarwa, 'yan sari su lallaɓa su shiga su saye shi a wulaƙance.

Bankin ya raba hanyoyi kashi biyu. Kashi na farko su ne waɗanda suka mutu murus, su za a fara nan take. Kashi na biyu su ne masu sauran numfashi, sai an sake wani zaman. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san kashi na biyu gari ne mai nisa, ba kowa ke isa ba. Abin da zai raba gardama shi ne ziyarar gani da ido da wakilan bankin za su yi. A motarsu akwai na'urar da ke auna yadda hanya ke girgiza mota, akwai kuma mai ɗaukar hoto, kuma abin da waɗannan biyun suka faɗa shi ake aikawa can inda ake yanke hukunci.

Da aka tsayar da rana, sai aka bi ƙa'ida. Ofis ya sanar da ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma ta sanar da hakimi, hakimi ya aika wa mai gari cewa manyan baƙi suna tafe. Haka ake yi tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibun haka.

Farkon Nuwamba muka tafi, ruwa ya ɗauke. Shugabar tawagar ita ce Injiniya Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce mai aiki a Abuja, ba ta da yawan fara'a amma mace ce mai adalci. Tun daga Minna nake cika mata baki a mota. Da muka kusa barin kwalta na ce, "Madam, ki ɗaura bel, ki riƙe ƙofa da kyau. Yau za ki san kin zo karkara."

Direba ya karya kwana, muka sauka daga titi. Na ƙanƙame kujera ina jiran ramin farko, ramin da na sani kamar ƙofar gidana. Bai zo ba. A gabanmu jar ƙasa ce sabuwa a shimfiɗe, an daɓe ta lumui kamar tsakar ɗakin amarya. An sare ciyawa gefe da gefe, an jera duwatsu an shafe su da farar ƙasa. Ko a rafin nan, an kwantar da itatuwa da duwatsu an rufe da ƙasa, mota ta haye ko tari ba ta yi ba.

Zan gaya muku gaskiya, abin da na fara ji daɗi ne. Na ɗauka layin nan ne ya sauko daga taga ya kwanta a ƙasa. Bishiyoyin kaɗanya suna wucewa a hankali, kunyoyin doya sun miƙe iya ganin ido, iska tana shigowa da ƙamshin sabuwar ƙasa. Na zuba ido ina kallo, har na ga motocin doyar nan nawa suna tahowa za mu yi kiciɓis. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai muryar Injiniya Rifkatu na ji.

"Oga Iliya, wannan ce hanyar da ka ce ta mutu? Ai ta fi layin gidanmu a Abuja."

Nan na farga. Na waiwaya na dubi na'urar, tana kwance lafiya kamar jaririn da ya ƙoshi.

A ƙauyen aka tarye mu da ganguna da guɗa. An daka sakwara, an yanka kaji, 'yan masallaci da 'yan coci duk sun fito da kayan ado. Mai garin, Baba Galadima, dattijo ne manomi da muka saba tun zuwana na farko. Da ya miƙo mini hannu sai na ji tafinsa duk ya yi bororo. Na bi sauran mazan da gaisuwa, kowa haka hannunsa yake. Ashe tun da saƙon hakimi ya iso suka ajiye aikin gona, suka kira gayya har daga ƙauyukan maƙwabta, maza na haƙa, mata na jido ƙasa. Na ja Baba bayan wani rumbu.

"Baba, me kuka yi wa hanyar nan?"

Ya yi murmushi ya ce da irin Hausarsa, "Mun share shi kadan. Ai bako na zuwa."

"Baba, don girman Allah, in matar nan ta tambaye ka, ka gaya mata jiya-jiya kuka gama aikin nan. Ka ce mata da damina ba a wucewa."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. "Iliya, kai ba yaro ba ne. Bako ya zo gidanka, ka yanka masa kaza, sai ka zauna kana fada masa gudun da ka sha kafin ka kama kazan? Wannan gori ne. Mu ba mu yi."

Na yi magiya, na yi bayanin kashi na farko da na biyu, yana ta gyaɗa kai don kada in ji kunya. Da aka gama cin abinci, Injiniya Rifkatu ta juyo ta tambaye shi a gaban jama'a, "Baba, yaya hanyar nan take da damina?" Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Mun gode Allah, madam. Muna wucewa." Bai yi ƙarya ba, suna wucewa. Ni ne dai na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

A hanyar dawowa na zayyana mata komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Oga Iliya, ni ma 'yar ƙauye ce, na san sabuwar ƙasa in na gan ta. Zan rubuta abin da ka faɗa. Amma waɗanda ke can ba su san Baba ba, na'ura da hoto suke karantawa. Kuma a dokarsu, hanyar da jama'a ke iya gyarawa da kansu ba ta shiga kashi na farko." Ta cika alkawari ta rubuta, ni ma na rubuta, na bi ofis-ofis har masinjoji suka fara ɓuya in sun hango ni.

Kafin ƙarshen shekara amsa ta zo, Tungar Kaɗanya tana kashi na biyu. Da hanyar ta faɗi, masu tattalin arziki suka ɗauke ɗakin ajiyarsu suka mayar wani yanki, masu kasafi suka karkata kason jiha ya bi shi. Alhaji Ndagi ya shigo ofishina ya zauna, ranar bai tsokane ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Iliya, sai haƙuri." Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi a kan aiki ba.

Da Agusta ta kama na koma, ba wanda ya aike ni. Na bar mota a bakin titi na hau acaɓa, da muka zo rafi na naɗe wando. Ruwa ya wanke gyaran nan kaf, itatuwan suna can ƙasa sun maƙale a gindin wata bishiya. Mata suna ratsawa da doya a kafaɗa kamar ba a taɓa yin komai ba. A ƙetare na iske Baba Galadima zaune kan dutse yana kallonsu. Tambayar da ya fara yi mini ita ce, "Bakin sun isa gida lafiya? Madam ya ji dadin sakwara?"

Na ce sun isa lafiya. Sannan na zauna kusa da shi na gaya masa abin da ya faru, ban rage komai ba. Wata tsohuwa ta fito daga ruwa tana haki, zaninta ya jiƙe sharkaf, Baba ya bi ta da ido har ta hau tudu.

"Ashe da mun bar shi da ramin shi, da sun yi mana?"

"Da sun yi, Baba."

Na ɗauka zai yi faɗa, ko da ni, ko da hakimi, ko da gwamnati. Sai ya dafa gwiwata ya ce, "Iliya, in Allah ya sa za su sake zuwa, kada ka aiko mana. Ka kawo su kawai. Don in mun ji, wallahi za mu gyara."

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a makare. Ma'aunin aikinmu wanda ya nuna ciwonsa kawai yake gani, alhali mutanen da muke yi wa aikin an tarbiyyantar da su a kan su rufe nasu su yi wa baƙo fara'a. Ba za su canja ba, kuma ni ban so su canja. Mu ne ya kamata mu san lokacin zuwa da yadda za mu je. Hanyar Tungar Kaɗanya tana nan a kashi na biyu har yau da nake muku magana. Duk wanda fayil ɗinta ya faɗo hannunsa a cikinku, ya kai baƙin cikin Agusta, kuma kada ya aika wa kowa.