Aikin Da Na Kasa Faɗa Wa Baba

Shekarar da na koma gida Kurmin Kogi, wani kamfani na ƙasar waje ya ɗauke ni aiki daga nesa. Sun ƙera sabon firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba su kai shi kasuwa ba tukuna. Aikina in gyara wata babbar manhaja, irin wadda kowa ke da damar dubawa da gyarawa kyauta, har ta yi aiki a kansa. Kafin su aiko da allon gwaji mai ɗauke da firosesan, sai da na sa hannu ba zan faɗa wa kowa komai ba, ko sunan kamfanin.

Ranar sunan ɗan ƙanwata muna zaune a zaure, Kawu da ya zo daga Makarfi ya dube ni.

"Kai, wane aiki kake yi ne kullum ƙofa a rufe?"

"Aikin kwamfuta ne, Kawu."

"Na wa?"

"An hana ni faɗa."

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A garinmu, sana'ar da ba a iya faɗa an san ko wace iri ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba bai tayar mini da maganar ba. Amma buhun takin da na saya masa, nan ya bar shi jingine har damina ta yi nisa. A kasuwa na ji ana cewa ni ɗan damfara ne. Na daina fita sai masallaci, can ma a sahun baya. Abin da ya fi ci mini rai, wata rana duk duniya za ta iya karanta abin da na rubuta, amma mahaifina na kasa yi masa bayani.

Da kaka kamfanin ya fitar da firosesan kasuwa, aka ba ni izinin magana. Na sami Baba a gona yana tsinkar barkono, na durƙusa na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama.

"Alkawari ka yi musu?"

"Alkawari ne, Baba."

"To da ka ce alkawari ne mana. Wa zai zarge ka? Amma ka ce an hana ka, kamar wanda 'yan sanda ke nema."

Ya miƙo mini kwando, na shiga kunyar barkonon muka ci gaba da tsinka har azahar.