Yinin da Auta ta zo ganin New York

Saƙon ya shigo wayata ina tsaka da taje wa tsohuwar da nake kula da ita kai. Ƙanwata ce, autar ɗakinmu. Ta ce ita da mijinta da wata ƙawarta za su sauka a New York su kwana a otal, washegari da yamma su shiga jirgin ruwan nan na masu hutu da ke zagaya tsibirai. Safiya ɗaya suke da ita, suna son wanda zai zaga da su gari.

Rabona da ita tun tana sakandare. A tsakanin nan ta yi aure ta koma Abuja, Inna ta yi jinya a gidanta, a can kuma ta rasu. Ni ban je ba. Lokacin ba ni da takardar zama a Amurka, in na fita ba dawowa. Duk sanda na tambayi yadda Inna ta cika, sai Auta ta ce ba maganar waya ba ce, in bari sai mun haɗu.

Na roƙi wata 'yar Kumasi da muke aiki tare ta karɓe ni a ranar. Na so su zo ɗakina a unguwar Morrisania ko ruwa su sha, Auta ta ce babu lokaci. Sai na yi dambun nama da cincin, na sa atamfar da nake ji da ita, na hau tiren, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na same su a otal ɗinsu kusa da Times Square.

Da ta fito daga lifta gabana ya faɗi, don tafiyar Inna ce sak. Na rungume ta ina kuka. Ta ɗan bubbuga bayana, ta zame jikinta tana gyara mayafi, ta kalle ni daga ɗankwali har takalmi.

"Yaya, kin tsufa," ta ce. Ta juya wajen ƙawarta. "Ga 'yar Amurkar tamu. Ita ce ke wanke kashin tsofaffin Turawa."

Ƙawar ta yi dariya, ta rufe baki da hannu. Mijin ya gaishe ni da ladabi, ya koma kan wayarsa. Da na miƙa ledar dambun, Auta ta leƙa ciki ta ce ai ba a shiga jirgi da abinci, kuma can ma abinci har ture shi ake yi. Ta ajiye ledar a gefen kwandon shara, muka fita.

Gaskiya ni ma ban san garin ba. Abin da na sani shi ne bas ɗin aiki da masallaci da shagunan layi na 116. A tashar tiren na kai mu ɓangaren da ba shi ba, sai da muka sake hawa matakala. Auta ta ce shekarun nan duka ashe a ɗaki na yi su. Daga nan mijin ya tsayar da tasi.

Zafi ake yi sosai. Suka shiga kanti bayan kanti, duk ledar da ta fito a hannuna take ƙarewa. Na ɗauke su hoto a gaban manyan allunan talla, na ɗauke su a bakin gadar Brooklyn. In za a ɗauka sai Auta ta ce in ajiye ledojin a bayana kada su ɓata hoton. Ba wanda ya ce in shigo ciki, ni ma ban nema ba. Jira nake mu keɓe.

A wurin shaƙatawa na Battery Park muka keɓe. Layin masu zuwa wajen mutum-mutumin matar nan mai ɗaga wuta ya yi tsawo, suka haƙura da hango ta daga bakin ruwa. Mijin da ƙawar suka tafi neman abin sanyi. Na zauna kusa da ita a benci, na ce ta ba ni labarin Inna.

"Haba Yaya, yanzu? Hutu fa muka zo."

Na ce to yaushe. Ta ce in ga yadda gumi ya ɓata mata hoda, ta ciro madubi.

Da azahar ta wuce muka koma otal muka kwashi akwatunansu muka nufi tashar jirgin ruwan. Ban taɓa ganin abu mai girmansa a kan ruwa ba, kamar an kwantar da unguwa guda. Wanda ba shi da tikiti iyakarsa ƙofa. Da na ga sun shiga layi sai na riƙe mata hannu. Na ce ko kalma ɗaya ce ta faɗa mini, Inna ta ambace ni?

Ta zare hannunta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ta ambace ki har na gaji. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ba ta a baki, amma ko motsin ƙofa ta ji sai ta ce ke ce. Ran nan na ce mata ta daina jira, kin samu takardarki tuntuni, zuwan ne ba kya so."

Na ce ai ta san ba gaskiya ba ne.

"Na sani mana. Amma daga ranar ta huta, ni ma na huta. Ba ta ƙara kiran sunanki ba."

Mijin ya yafito ta. Ta karɓi ledojin ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko akwai wadda ta rage a hannuna, ta ce in gaida mutanen gida. Ƙawar ta ɗaga mini hannu.

Ban jira tashin jirgin ba. Na yi ta tafiya a ƙasa ban san inda nake sa ƙafa ba, sai da wani mai tasi ya danna mini hon ya zage ni, sannan na nemi tasha. A cikin tiren wata mata ta tashi ta ba ni kujerarta, ban san me ta gani a fuskata ba.

Da na isa ɗaki na kira yayanmu a Zariya, na maimaita masa abin da Auta ta ce, na tambaye shi ko haka aka yi. Sai ya ce in yi wa Inna addu'a, a bar maganar.

Da hutunsu ya ƙare ta New York suka sake bi. Ba ta kira ni ba, a bakin yayanmu na ji sun koma lafiya. Har yau in Sallah ta zo, shi ke ce mini Auta tana gaishe ni, ni kuma in ce ina amsawa.