Akushin Baba da Akwatin Ɗumame

Shekarar da Inna ta rasu, bayan an gama girbin gero, na je ƙauyenmu da ke gefen Guci na ɗauko Baba na kawo shi gidana a Magariya. Da ƙyar ya yarda. Kayansa duka ba su cika buhu ɗaya ba, sai akushinsa da ya hana a sa a buhun. A cinya ya rungume shi tun daga tasha har ƙofar gida.

Akushin nan baƙi ne wuluk, kuma ya girme ni. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya ci tuwo a wani abu ba. Inna ce mai wanke shi, ba ta bar wa kowa. In ta wanke sai ta kife shi a inuwa, in ya sha iska ta mulke shi da man shanu da tafin hannunta har ya yi sheƙi. Mu yara ko taɓa shi muka yi sai mun sha rankwashi. Bayan rasuwarta akushin kaɗai ya rage mai ɗauke da aikin hannunta, kuma duk gidan mun san haka ba sai an faɗa ba.

Ni da uwar yarana duka muna koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, da sassafe muke fita. Baba kuwa mutumin ɗumame ne, kuma ba ya cinsa sai hantsi ya ɗaga. Kafin nan tuwon ya huce ya yi tauri. Muka gwada zuba masa a kula, ya ce tuwon ya yi gumi. Ga shi ba zai taɓa shiga madafar surukarsa ya hura wuta ba, ba kuma zai buɗe baki ya ce mata abinci bai yi masa ba. Sai dai mu dawo mu tarar ya ɗan tsakuri gefe ya rufe. Ina kallonsa yana ramewa, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi, abin ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa na sayi akwatin ɗumama abinci mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, wanda mutanen Kano ke kira maikurowef, wurin wani ɗan kasuwa mai shigo da tsofaffin kaya ta kan iyaka. Na ɗora shi kan tabur a falo, nesa da madafa, don Baba ya iya isa gare shi ba tare da kunyar kowa ba.

Ranar gwaji uwar yara ta zuba tuwo a langar ƙarfe ta sa ciki, na murɗa. Sai tartsatsi, shuɗi shar, yana ƙara kamar ana walda. Yara suka watse, uwarsu ta yi waje tana salati. Baba da ke kukan ciwon gwiwa, ban san lokacin da ya kai zaure ba. Ni da na kawo abin na tsaya baki buɗe, da ƙyar na tuna in cire waya.

Kafin la'asar maƙwabta sun gama yanke hukunci. Wata ta ce yana kawo ciwon daji, wani ya ce yana tsotse albarkar abinci ya bar dusa, wani tsoho ya ja ni gefe ya ce in ina son ƙarin haihuwa in fitar da shi daga gidan. Hankalina bai kwanta ba sai da na je wurin wani abokina ma'aikacin likita. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ruwan da ke cikin abinci akwatin ke zafafawa, ba ya barin guba, sai dai a kiyaye ƙarfe, a kuma juya abincin kafin a ci don wani gefen ya fi wani zafi.

Na dawo da wannan karatun na yi ta maimaita wa Baba kamar ina gaban allo. "Baba, lafiya lau ne. Ban da ƙarfe kawai." Uwar yara ta ciro kwanon tangaran daga kayan jerenta, muna ɗumamawa a ciki muna ci a gabansa. Shi kuwa ya ce, "Abin da ya yi zafi ba itace ba hayaƙi, ban san me ya shige shi ba. Ku dai ci." Kullum da safe sai ya kira jikokinsa ya tambaye su ko cikinsu lafiya. Haushi ya riƙa kama ni, don na san ba gaisuwa yake ba, bincike yake.

Wata rana na dawo da azahar, tun daga zaure ƙauri ya tare ni. Falo cike da hayaƙi, ƙofar akwatin a buɗe, cikinsa ya yi baƙi. Na shiga kiran Baba. A bayan ɗaki na same shi zaune kan buzu ƙarƙashin dogon yaro. Ga akushi a gabansa ya rabe gida biyu, gindinsa ya ƙone, tuwon ya zama gawayi.

Na durƙusa gabansa. Na ce, "Baba, me ya faru? Ba ku ƙone ba?"

Ya ce, "Ka ce ban da ƙarfe. Wannan ai itace ne."

Ni kaina ban san akwatin na fasa itace ba.

Ya ci gaba a hankali, ba ya dubana. Ya ce ya ga yaran suna ci ba abin da ya same su, sai ya ce bari ya daina wahalar da mu. Kwanon tangaran kuwa na jeren yarinyar nan ne, bai kamata ya sa masa hannu ba. Na ce to har ina ya murɗa abin. Ya ce, "Har ƙarshe. Uwarka in ta ɗora ɗumame, sai na yi alwala na yi walha na gama lazimi kafin ta sauke. Shi ne na murɗa na tafi na yi." Yana cikin lazimi ya ji ƙara kamar an sa wa icce gatari.

Wato ranar da ya gaskata ni, ranar ce akushin ya fashe. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza. Uwar yara da ta shigo ta gani, sai ta dafe kai ta juya ɗaki tana kuka. Baba ya ce in je in ce mata ba laifin kowa ba ne.

Ranar kasuwar Guci na naɗe ɓarin biyu a rawani na hau motar kasuwa na kai wa gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Ya jujjuya su, ya ce zare ba zai riƙe wannan ba sai waya. Ya huda, ya ɗinke tun daga baki har gindi. Ya gaya mini gaskiya cewa zai riƙe tuwo, amma miya za ta riƙa bin tsagar.

Haka kuwa aka yi. Washegari ba lakwal, da hantsi uwar yara ta ɗumama tuwo a tangaran cikin akwatin, ta juye a akushi, ta ɗora shi kan faranti saboda yoyon. Baba ya cinye tas, abin da bai yi ba tun zuwansa. Da ya gama ya wanke akushin da kansa, ya kife a inuwa, sannan ya aike ni in karɓo masa man shanu wurin surukarsa.

Na zauna ina kallonsa yana mulkawa da tafin hannu, bai iya ba, man yana taruwa a bakin ɗinkin. Ya bi wayar da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, ya ce, "To, yanzu shi ma ya samu ƙarfe. Ba mai sake sa shi a ciki."