Kawu da Igiyar Taru

Kawuna ne shugaban masu jan taru a unguwarmu a Argungu, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya a bakin gulbi ba. In wani ya saki igiya, ba ya daka masa tsawa daga tudu. Sai ya shiga ruwa har ƙugu, ya faɗa masa a kunne, ya kama igiyar su ja tare. Yakan ce mini, "Ɗana, kifi na gudun hayaniya, mutum ma haka. In za ka yi wa mutum gyara, ka jiƙe tukuna."

Da wannan tarbiyya na zo Birnin Kebbi. Da maƙwabta a unguwar Gesse suka ɗora mini jagorancin yashe kwatar layinmu, na bi su gida-gida, na saurari kowa har ya gama. Ranar aiki na riga kowa shiga kwata da shebur. Suka tsaya a ƙofar gidajensu suna yi mini sannu da aiki! Wani har da ɗaukata hoto a waya.

Damina ta faɗi, ruwa ya shiga ɗakuna. Aka ce na cika sanyi, aka ba wani mai baki jagorancin, wanda ko takalminsa bai taɓa jiƙewa ba. Shi ake tafa wa yanzu, kwatar kuwa tana nan a toshe.

Kawu ya rasu bai gaya mini yadda ake yi ba in ka shiga ruwa, ka waiwaya, ka ga ba kowa riƙe da igiyar.