Sandar da Odell Ya Jingine

Odell Tackett mai gyaran rufin gidaje ne a garinmu, tsohon soja. Tun dawowarsa daga Iraƙi jijiyar ƙafarsa ta hagu ke kumbura. Yau ta kama da wuta daga ƙugu har diddige, gobe ta mutu murus yana saman tsani. Abu ɗaya ne zai raba shi da hawa rufi: hukumar tsofaffin sojoji ta sa ciwon a sahun mai tsanani. In ta ce mai sauƙi ne, kuɗin da za a riƙa ba shi ba zai riƙe gida ba.

Ranar da likita za ta duba shi, matarsa Jolene ta miƙa masa sandarsa.

"Sarkin jarumta, yau dai a ajiye jarumtar a gida. Ka faɗa musu yadda kake rarrafe zuwa banɗaki."

"Ke, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da ya yi kuka an ji."

Da sandar ya shiga asibiti, ni na kai shi. A ɗakin jira akwai wani sa'ansa a keken guragu, ƙafafun wandon duka a naɗe daidai gwiwa. Ya dubi Odell yana dariya.

"Mutumina, kai me suka cire maka?"

"Ba komai. Jijiya ce kawai."

Da aka kira sunansa, sai ya jingine sandar jikin kujera, ya miƙe ƙyam kamar ranar fareti.

A mota ya ba ni sauran labarin. Likita ta ce yaya ƙafa, ya ce, "Da sauƙi, ranki ya daɗe." Ta ce ya taka da diddige, ya cije ya taka. Abin da ta gani ta rubuta.

Jolene cewa take horon soja ne, an koya musu kada su yi raki. Ni ban yarda ba. Odell ya gwammace ya faɗo daga rufi da ya yi ɗingishi a gaban marar ƙafa. Ina ma zargin ya ji daɗi da mai farar riga ta ce da sauransa.

Sakamako ya fito: mai sauƙi. Akwai damar ɗaukaka ƙara, amma sai ya koma ya ce ƙarya ya yi. Ya ƙi.

Jiya na wuce shi a gindin tsani. Da hannu biyu yake ɗaga ƙafar, ya ɗora ta kan mataki, ya tsaya ya duba ko ta zauna, sannan ya hau.