Luguden da Ya Kai Kakana Masallaci

Har yau in na ji ana lugude, taɓare biyu suna karɓa wa juna a turmi ɗaya, ƙafafun kakana nake tunawa.

A ƙauyenmu, gefen Gubuchi, ciwon karkarwa ya kama shi da tsufa ya zo. Rawar hannu ba ta dame shi ba. In na tsokane shi na ce angona ya fara taka rawa ba kiɗa, sai ya ce ai ganina ne ke sa shi ɓari. Ƙafa ce ta ci masa rai. Zai taso lafiya lau, yana isowa tsakar gida sai ta kafe kamar an dasa ta. Ga masallaci a ƙofar gida, yana jin ana tayar da salla, ba halin isa. Baffana ya ce a riƙa ɗaukarsa. Kakana ya ce shi ba buhun masara ba ne.

To, mu a gidanmu, in dattijo ya fito, mata sukan dakatar da daka su durƙusa har ya wuce. Haka ake yi masa kullum. Gida ya yi tsit, shi kuma yana tsaye yana gumi.

Kakata ce ta lura. Wata la'asar, bayan an yanke dawa, ƙura tana tashi daga turmi, ya fito yana tafe daidai da saukar taɓarya. Matan suka tsaya, shi ma ya tsaya.

"Ku ci gaba," in ji ta.

"Inna, Baba ne fa."

"Na gan shi. Ku daka."

Suka daka, kunya kamar ta kashe su. Ƙafar dama ta ɗaga, ta hagu ta bi, har zaure. Daga ranar, ko ba abin dakawa sai an zuba dusa a turmi in an kira salla. Maƙwabta suka ce surukan gidanmu ba su da ta-ido. A sahu ya yi sallarsa har ya kwanta ciwon ajali.

Yanzu injin niƙa ya karɓe aikin turmi. Da na raka mahaifina asibiti a Zariya, na ga ana kunna wa masu irin ciwon kakana kiɗa a waya, suna taku a kai. Na yi murna, amma raina ya sosu. Wata da watanni muna durƙushe muna yi masa ladabi, ashe shirunmu ne ke hana shi jam'i.